Teburin Nomau

A bakin Babbar Kasuwa, daf da masu facin kabu-kabu,
Nomau ya baje agoguna kan jan ƙyalle.
Ba wanda ya ruɗi wani:
duka jabu ne, sunan Turai, aikin Sin.

Na ɗauki mai ido uku a fuska,
maɓallai biyu a gefe.
Na danna na sama, siririn hannu ya zabura,
na danna na ƙasa, ya komo gida.
Idon hagu kuwa, ko ƙyaftawa.
"Wannan na kwalliya ne," in ji Nomau, yana sakace.

Jika goma sha biyu.
To ni me zan auna?
Keken ɗinkina bai taɓa tambayar daƙiƙa ba,
shayi kuma hanci ke faɗin ya dahu.

Ɗayan fuskarsa fayau,
hannu uku, batir ɗaya, jika huɗu.
In ya suma, yaron Ilu a Mokoyo zai tashe shi.

Shi na ɗaura.
Amma har na isa unguwar Zariya
babban yatsana na laluben gefensa,
yana neman abin dannawa.