Gangar Aristeu

Ranar Talata ta shigo garejina a São Gonçalo
da tsohuwar Fiat Uno mai launin toka,
ta kashe inji, ta ƙi fitowa.
Ni na saba da samari masu son a jiyo su tun daga gadar Niterói,
su kawo albashi, su tafi da tsawa a but.
Wannan kuwa dattijuwa ce, Dona Zuleide,
tabarau a karan hanci, jakar cefane a gefe.

Ta ce, "Odair, saurara."
Ta murɗa rediyon da kamfani ya liƙa wa motar tun tana sabuwa.
Kiɗan unguwa ne, an ɗauka a daren gwaji:
ƙananan ganguna na tsalle kamar gyaɗa a kasko,
usur, tafi, wani jariri na tsala kuka a baya.
Ta ce, "Kowa na nan, mijina ne babu.
Shekara talatin da ɗaya yana dukan surdo, babbar gangar nan,
ga lasifikar ƙofa ta haɗiye shi."

To me zan ce?
Lasifikar kamfani takarda ce, faɗin tafin hannu,
ba a roƙon tsako ya yi rurin bijimi.

Na cire kan batir tukuna,
wanda wuta ta taɓa lasa ba ya mantuwa.
Na zura jar waya mai kaurin ɗan yatsa
ta ramin roba a bangon inji,
na tsayar da fis gadi, taki ɗaya daga batir,
na bi da ita ƙarƙashin darduma har but.
Wayar sauti na raba mata hanya, ta bi ɗaya gefen,
don in sun jera, kukan inji zai shigo cikin waƙa.
Na kankare fenti sai da ƙarfe ya yi fari fat,
amfilifaya ba ya buɗe baki sai ƙafarsa ta taka ƙasa.
Rediyon ba shi da mafita,
sai na ɗebo sauti daga wayoyin baya
kamar mai jan ruwa daga famfon maƙwabci.
Gefen ƙarfe ya yanke ni, na tsotse yatsa na ci gaba.

Akwatin katako, wufa mai inci goma.
Ta leƙo ta ce in bar mata wurin buhun wake.
Na bari.

Da yamma ta yi na fara murɗawa, kaɗan-kaɗan.
Lambar mota ce ta soma zuzu kamar ƙudan zuma a gwangwani,
na cusa mata soso, ta yi shiru.
Na ƙara.

Sai ga shi.
Bai zo ta kunne ba,
ta bayan kujera ya shigo, ta ƙashin baya, ta tafin ƙafa.
Dum.
Madubi ya yi rawa, fuskarta ta rabu biyu a ciki.
Dum.

Ta riƙe sitiyari da hannu bibbiyu.
Na kau da kai ina lissafin sukurori,
na ɗauka kuka za ta yi.
Ashe dariya ce.
"Ka ji shi? Ya makara!
Bugu na biyu kullum sai ya makara da ƙiris.
Har ya mutu suna faɗa da shi a kan haka."

Can ta ce, "Rage, ɗana.
A gida ba mai hayaniya ba ne."
Na rage har inda ta ɗaga yatsa,
na ɗiga jan fenti a wurin don kada jikoki su taɓa.

Ta yi ciniki kamar a kasuwar kifi,
ta zabge mini reais hamsin, ban ja ba.
Ta ɗage gilasai duka, ta fita a giya ɗaya.
Titi bai ji komai ba,
masu sayar da lemo ko juyowa ba su yi ba.
Kofin gahawata ne kawai a kan benci
ruwansa ya yi ta ɗan karkarwa
har ta sha kwana.