Alamar Kusurwar Hoto

Ƙarfe biyu a Mabera, rana ta ɗora sanwa,
fankar shagon Ladan tana tuƙa zafi kamar tuwo.
Na biya kuɗin awa ɗaya.
Buƙatata ba ta da yawa:
'yar alama da zan riƙa mannawa
a kusurwar hotunan da nake ɗauka,
don wanda ya kwafa ya san akwai mai shi.

Na buɗe farin fili,
fari mai ban tsoro fiye da takarda,
don takarda ko ba komai tana da ƙamshi.

Na rubuta Modi.
Na zuba masa ruwan zinare, ya koma kwalin turare.
Na ba shi inuwa, inuwar ta fi shi ƙiba.
Na hura masa wuta daga ƙasa,
sai ga shi kamar allon mai tsire a Gawon Nama.
Na ɗora shimfiɗa a kan shimfiɗa,
walƙiya, tauraro, fiffiken shaho,
sha ɗaya na ƙirga,
kowacce na ɗaga na leƙa, ba na ƙarƙashinta.

Akwai wani maɓalli mai mayar da aiki baya.
Na danna shi har yatsana ya yi tsami.
Da ana sayar da irinsa a Tsohuwar Kasuwa
da na saya wa bakina guda.

Sai aka ɗauke wuta.
Ban adana ba.
Ladan ya ce haƙuri, janareta ba mai,
kuɗin awa kuwa sun riga sun kwanta a aljihu.

A gida na zube kan tsohon matashin fata.
Inno Tumba tana tsince zogale a faifai.
"Mi as same ka?"
Na faɗa mata.
Ba ta ɗago ba. "Tashi, juya wanga matashi."

Na juya.
Can gindin ɗinki, inda ido ba ya zuwa,
huda uku na basilla
da layi ɗaya da ya kauce hanya
kamar wutsiyar ɗan akuya.

"Babanka bai taɓa sa hannu ga takarda ba.
Amma tun daga Madunka har Illela,
in an ga wagga karkata
an san aikin Dikko na.
Wuƙa ce ta zame mai yana yaro,
shi ko ya ƙi gyarawa har ya bar duniya."

Shekara nawa ina kwana a kan sa hannunsa,
ina zubar masa da yawun barci.

Washegari na ɗauke shi da waya,
na kai shi gaban farin filin nan.
Na kankare bayansa a hankali
kamar majemi yana raba gashi da fata.
Launi ban zaɓa daga akwati ba,
na tsotso shi daga matashin kansa:
jan karan dafi da ya sha zama,
ya sha bagaruwa, ya sha gumin baƙi.

Manhajar ta jawo wani shuɗin zare
tana so ta miƙe min layin.
Na ture shi.
Ta sake jawowa.
Na kashe mata wannan ladabin.

Na rage shi har ya kai girman farce,
na ajiye shi a hoton farko:
wani mai albasa yana wanke ƙafa a bakin Rima,
raƙuminsa na kallon wani wuri daban.
Wannan karon na adana, har sau biyu.

Ladan ya leƙo ta kafaɗata,
yana tauna goro.
"Ina sunan? Wannan ai kamar kuskure."

Na ce, shi ne.
Nawa ne ƙarin rabin awa?