Ƙuri'un da Suka Lalace

Asabar, ana gobe kasuwar Pitowa,
aka buga ƙarfen tayar da ke rataye a dalbejiya.
Yau ba yara ake kira ba, iyayensu ne.
Makarantun gwamnati goma sha huɗu
za su fid da shugaban ƙungiyar iyaye,
mai riƙe hatimi da jakar kuɗi,
mai zuwa Garwa ya yi magana da bakinmu.

Ni aka ba alli.
Guntu ne, bai kai gaɓar yatsa ba.
Suka ce Mushe Dairu ya iya lissafi.
Ba su yi ƙarya ba:
wata bakwai ina ƙirga albashin da bai zo ba,
ban taɓa ɓata ko ɗaya ba.

Alhaji Hamajoda ya zo a motar auduga,
ya sauke siminti buhu uku a bakin ƙofa,
direba bai kashe inji ba.
Asta mai kifi ta tako da ƙafa daga bakin Binuwai,
ƙaurin banda a mayafinta,
littafin bashi a hammata.
Ta ce, "Wanda ya ci dala, zan san ƙofar gidansu."
Na ukun Tizi ne, tsohon jandarma,
ya yi rabin sa'a yana zuba Faransanci
har aka tafa masa don ya zauna.

Iyaye suka cusa kansu a bencin 'ya'yansu,
gwiwa tana gaida haɓa.
Waɗanda suka rasa wuri suka zauna ƙasa,
suka ɗaga kai,
suka ga rana tana leƙo su ta hujin kwano.
Ba wanda ya ce uffan.

Akwatin zaɓe kwalin sabulu ne.
Mafi yawa ba su yi boko ba,
sai kowa ya jawo ɗansa,
ya raɗa masa suna a kunne,
yaro ya rubuta, ya ninke, ya jefa.

Bayan la'asar aka zazzage kwali.
Hamajoda, sanda ɗaya. Asta, sanda ɗaya.
Huɗu a tsaye, ta biyar a gicciye,
allo ya koma shingen lambun albasa.

Sai ga takarda babu suna.
Benci, kawai ta ce.
Na san hannun, na Fadimatu ne ta aji uku,
harafinta na farko kullum baya yake kallo.
Wata ta ce rufi kafin damina.
Wata ta ce famfo.
Wata ta zana ƙwallo, ko kuwa rana ce, oho.
Wata, da Faransancin da na koya musu da kaina,
kuskure biyu a layi ɗaya,
ta ce a biya mushe.
Hannuna ya tafi aljihu neman jan biro.

Wakilin hukuma ya ce, "Lalatacciya."
Na maimaita da ƙarfi, yadda doka ta ce,
sau goma sha tara.
A tagogi kawuna sun yi layi,
ban yarda na kalli ko ɗaya ba.

Alli ya ƙare saura ƙuri'a guda.
Da farin da ya maƙale a yatsana na ja ta.
Asta ta wuce da shida.
Kafin guɗa ta lafa
siminti ya hau mota, ya kama hanyar Garwa.

Ina tattara takardu magariba ta kawo kai.
A gida Hadiza na jiran jin
ko sabon shugaba yana nufin gero.
Sai ƙaurin kifi ya tsaya a kaina.
Ta zauna a bencin da ƙafarsa ɗaya bulo ce,
ta buɗe littafin bashi a shafin da babu kowa,
ta turo min biro.
"Waɗancan da kuka ware gefe, Mushe.
Karanto min su ɗaya-ɗaya, kana rubutawa.
Kada ka yi sauri,
ni ma ɗana ne ya rubuta min tawa."