Hannun Buhu

Ni ne ɓarawon da ake biya albashi.
Da asuba, kafin masu aya su buɗe mangaza,
nakan naɗa buhu huɗu a hannun hagu,
in ɗaure da robar tsohuwar taya,
in laɓe bayan bedi ina jiran haƙora.

Ranar farko Duna ya taso mani kamar tsawa,
haushinsa har unguwar Zariya.
Alhaji Magagi ya tafa: "Kun ga zaki!"
Tankari bai tafa ba.
Tsohon jandarma ne, ƙafa ɗaya na sharar ƙasa.
Ya kama hannuna, ya juya buhun,
yana bin ramukan haƙori da yatsa
kamar malami a kan allo.

"Duba. Na gaba kaɗai suka shiga.
Ina matauna?
Ya kama, ya saki, ya sake kamawa,
yana tsattsagar ka kamar kaza a masussuka.
Kunne a kwance, wutsiya a matse.
Wannan ba zuciya ba ce, Alhaji,
tsoro ne ya aro rigar fushi.
Wa ke dukansa?"
Gardi ya sunkuya
yana neman abin da bai yar ba.

Sai muka koma baƙi da wasali.
Fatar jar akuya daga majema, a bakin igiya,
ina jan ta a rairayin Gulbi
tana tsalle kamar zomo.
Ni da gemuna ina gudun kare ɗan wata goma sha huɗu,
in faɗi, in yi kururuwar ƙarya,
masu lambu sun jingine gwangwanayensu suna dariya.
"Sakar masa! Bari ya ci!"
Duna ya kwashi fatar ya zaga fili,
kai a sama,
kamar wanda ya gaji kanti.

Minti uku, ba ƙari.
Yana tsaka da so, Tankari ya ɓoye fatar cikin riga:
"Tuwon da aka ɗauke da saura,
shi ake kwana ana mafarki."

Mako na biyar na yi gaggawa,
na ɗaga sanda tun bai kafa baki ba.
Ya tofar da buhun ya ja da baya.
Ba karen aka yi wa faɗa ba.
Ni na sha, har kakana sai da aka ambata,
kuma kwana goma muka koma ga fatar akuya.

Alhaji ya gaji da zuba jikkuna.
"Ni wanda zai yaga kowa nake so."
"Kowa? Har Tsahara, jikarka mai kawo fura?
Cizo rabin karatu ne.
Ɗaya rabin kalma guda ce,
kuma ita ce mai tsada."

Wata Laraba, bayan an kai gero rumbu,
na fito daga bayan buhunan aya.
Bai yi haushi ba.
Ƙasa kawai na ji tana matsowa.
Ya cika baki har makwarwa,
ya rataya, shiru, ido a natse,
nauyinsa duka a kafaɗata.
Na kaɗa gora bisa kansa, na yi ihu, na juya da shi,
ƙusa ce aka buga a gawo.

"Saki!"
Sau ɗaya.
Ya buɗe baki, ya zauna,
yana kallona kamar mai bin bashi mai haƙuri.

Tankari ya duba buhun, ya daɗe.
Ya ciro karnensa ya yi rubutu,
ya ce gobe za a gwada cikin duhu, kan siminti,
don rairayi yana rufa wa kare asiri.

Da dare Haddiza na shafa mani man kaɗanya
kan shatin da ya ratso buhu huɗu.
Ta ce wane irin neman abinci ne wannan.
Na matso da fitila, na ce ƙirga mani,
ki fara daga matauna.