Sauke Kaya a Immingham

Biyar na asuba, iskar Humber na yankan kunne.
Na kashe inji, na ja birki, na cusa waigi a taya.
Wayata na kuka a cikin mota.
Ta yi ta yi. Nan ba a ɗauka.

Moira Tansley ta fito da takarda a leda,
ta karanta lambar jikin tankata,
ta karanta ta bakin bututu,
ta sake, kamar mai ƙirga dukiyar marayu.
"Sagir, rumbun zai ɗauka?"
Ta sani, na sani,
amma sai ma'auni ya faɗa da bakinsa.

Wayar ƙasa kafin mesa.
Tartsatsin da ido bai gani ba
ya isa ya sa garin nan a labaran rana.

Safa har gwiwar hannu, gilashi a fuska.
Famfon wanka taku goma sha ɗaya ne, na ƙirga.
Ruwan garau kamar na randa,
kurɓi ɗaya, ido ya tafi.

Sai tsayuwa, dokar da ta fi ciwo:
ba shayi, ba fitsari, ba ka gusawa.
Mesa ta kumbura, tana motsi
kamar takwararta ta daji bayan ta ƙoshi.

Ɗigo ɗaya a mahaɗa.
Ɗaya tak.
Na rufe.

Awa guda ta tafi a canjin roba,
Moira ba ta ce komai ba, ta miƙo sifana.

Da na hau mota, kira huɗu.
Nusaiba ce, haƙorinta ya fita,
tana so in gani kafin makaranta.