Maɓallin da Ba Shi da Huda

Cikin gwangwanin maɓallai nake ɓoye ta,
ƙarƙashin teburin keke,
inda ba mai sa hannu sai ni.
Fara ce, ƴar mitsitsiya,
ƙwayar gero biyu ta kusa kamo ta.

Kafin ita, wata bakwai
keken ɗinkina bai yi magana ba a Bagalam.
Ba zazzaɓi, ba tari, ba miki.
Sai dai in gari ya waye
in ji an ɗora mini buhun siminti a ƙirji,
mai ɗorawar ya tafi shan shayi ya manta da ni.
Shaddar Alhaji Sha'aibu ta kwana arba'in bisa igiya,
zanen alli na jikinta, almakashi bai taɓa ta ba.
Sau biyu ya aiko yaro. Na uku ya zo da kansa,
ya naɗe kayansa, bai zage ni ba.
Da ya zage ni, da ya fi mini sauƙi.

Inna ta ce hannu aka sa mini,
ta kawo rubutu daga Tibiri. Na sha.
Ƴan fada suka ce, kai fa namiji ne, tashi!
Kamar wanda ke ƙasan rijiya
ana leƙo shi ana cewa, ai hawowa ake yi.

Barira ce ta tsai da kabu-kabu biyu ran wata Talata,
ba ta tambaye ni ba.
Likitar mace ce, tabaronta ya karye a kunne,
ta ɗaure shi da baƙin zare, ƙullin bai yi kyau ba.
Ta bar ni na yi shiru har shirun ya gaji.
Sannan ta ce, ciwo ne, yana da suna.
Maganinsa ba na ciwon kai ba ne, Laminu,
shuka ce, ba ta tsiro ran da aka binne ta.
Ka ba ta mako huɗu, ko shida.
In ka ji dama kada ka ajiye,
sai mun zauna, ni da kai.

Makon farko bakina ya bushe
kamar gulbi a tsakiyar rani,
sai yashi, sai sawun shanu.
Barci ya riƙa kama ni a raka'a ta biyu.
Jaka biyu na ƙirga wa mai farmasi, kuɗin cefane,
buhun kuwa na nan, ko motsi.
Ɗan maƙwabci ya gan ni ina haɗiya,
ya kanne ido: Kawu, ashe kai ma tiramol?
Ran nan na nemo gwangwani.

Ba a buga ganga ba ran da abin ya juya.
Wani ne ya wuce ƙofar shago,
bakin rigarsa a karkace, ɗinkin ganganci,
sai na ji haushi.
Haushi! Wata takwas rabona da shi.
Na bi mutumin da harara har kwanar masallaci,
na dawo na ɗiga wa keke mai.
Washegari hancina ya gano ƙosan Tsahara
da ke soyuwa a gefena tun shekara goma.

Ba zan ce na warke ba.
Wata safiyar buhun na dawowa, sai dai rabi,
rabi kuwa ana iya tashi da shi a yi alwala.
Ina addu'ata, ina shan abina bayan isha'i,
ban ga sun yi faɗa a cikina ba.
Ran komawa asibiti na sa zare da allura a aljihu
saboda tabaron nan.

Jiya Habsu, autata, tana neman jan maɓalli
ta zazzage gwangwanin bisa tabarma.
Ta ɗago hannu: Baba, wannan ba shi da huda,
a wace riga ake sa shi?
Na karɓe, na hure masa ƙura.
Na ce, a ta ciki.
Ta ce, to wa ke ganin ta?
Keke na jira na, sallah saura kwana tara.