Ƙullin Baba Labbo

Takardar ta bar mini layi huɗu:
"Faɗi dalilin da ya sa kike son zuwa."
Layi huɗu,
ga shekara goma sha ɗaya da na yi
ina juya igiya ɗaya.

An ɗauke wuta tun la'asar a Dundaye.
Fanka ta tsaya cak,
zufa na ɗiga kan alli, alli na zama kunu.
Na rubuta musu abin da kunnensu ya saba:
ina binciken ƙulle-ƙulle,
yadda ake gane ƙulli biyu ɗaya ne
ko da ɗayan ya sake kwanciya, ya ɓad da kama;
ina farautar lambar da ba ta canzawa
ko an ja, ko an murɗa, ko an sassauta,
muddin wuƙa ba ta shiga ba.

Ban rubuta musu Kwalkwalawa ba.
Ban rubuta Baba Labbo a gindin gada,
taru a gwiwa, zare a haƙori,
hannu na ƙulla ido bayan ido,
baki na cinikin tarwaɗa.
Ina 'yar shekara tara ya miƙo mini igiya biyu:
"Wacce za ta kwance in an ja?"
Na nuna ta dama. Ya ja ta hagu, ta zare sumul.
Dariyarsa har tsallaken Rima.
Tun ranar nake bin bashin amsar nan.

Ran Juma'a na kai masa labari.
Ya daɗe yana duban ruwa.
"Japan? Mi za ki yo can, ɗiyata?
Ƙulli dai? Wanga da nika yi ido ruhe?
Su ba su da igiya garinsu?"

Suna da ita, Baba.
Akwai wata tsohuwa a Osaka,
ta ja hujja zuwa rabi, ta tsaya.
Nawa rabin na cikin littafi mai koren bango
wanda gara ta ɗanɗana gefensa bara.
Mun yi shekara uku muna musayar wasiƙa,
amma taru ba ya fita ruwa
sai masu ja sun ji numfashin juna.

Kuma, tunda ba takarda nake wa magana ba:
ina son wata tara da fitila ba ta ƙifta ido,
wata tara ba takardun jarrabawa ɗari huɗu a kan gadona.
Ina son ɗakin da za a ce mini "kin yi kuskure"
ba a jira na fita ba.
Ina tsoro ma.
Wataƙila rabin nawa ruɓaɓɓen zare ne.
Gara na ji ya tsinke a hannun wadda ta san ja.

Ga Jabbi kuma, ɗalibina,
mai kabu-kabu bayan magariba,
wanda ya tsinto ɓarakata a shafi na bakwai
ya faɗa mini kansa a sunkuye.
Ina son ƙofar ta san sunansa
kafin ya ƙwanƙwasa.

A ofis an riga an raba kujerata da ido.
An ce wanda ya ɗanɗana can ba ya waiwaye.

Baba bai ce haka ba.
Ya jawo jakata, ya ɗaure mata guntun zare a hannu,
ya ja da haƙori.
"In sun kwance shi, zamna can.
In ya gagare su, maido min abina."

Ban gaya masa ba, mu a lissafi
igiya mai baki biyu a sake ba ƙulli ba ce tukuna;
sai an kai wancan bakin ya zaga,
ya dawo ya haɗu da wannan.

An kawo wuta ƙarfe sha ɗaya.
Saura rabin layi.
Jakar na ƙarnin kifi, ban wanke ba.